Keken Da Za A Bari

Shafi na 19

Tun jiya kuke aiko min da tambaya guda, wai yaya muka ƙare da maganar keken Nufu. Ku yi haƙuri, nan ne wajen da ya fi min wuyar faɗa. Ga shi.

*

Ranar Talata ce. Ayarin motocin da sojoji za su raka zuwa Wagadugu kuwa an ce Alhamis zai tashi, daga can mu wuce Kudugu wajen ƙanwata. Mun riga mun ɗaure katifu, mun ɗinke bakin buhunan gero, na raba wa maƙwabta kajina. Kekuna kaɗai suka rage.

Huɗu ne a gidanmu. Nawa mai kwando, da na 'yata Nongma, da baƙin tsohon keken mijina Tasere, sai jan keken ɗana Nufu. Wannan yana jingine a ƙarƙashin rumfa tun ranar da mutanen daji suka tare motar kasuwa, suka sauke samari suka shige daji da su. An doshi shekara biyu. Duk Juma'a nake goge shi, in ɗiga wa sarƙar mai, in ba tayoyin iska. Tasere bai taɓa hana ni ba, bai kuma taɓa taya ni ba.

Nongma ce ta faɗa min da safe, tana wanke-wanke, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce ta ji babanta yana waya da Zerbo mai walda, yana ce masa kariya mai ɗaukar keke uku za a ɗaura wa motar.

Mu uku ne za mu tafi. Ban nemi a fassara min ba.

Na ajiye muciya a kan tukunya, na ɗaura ɗankwali, na hau kekena.

Na tarar da tsohuwar Fijo ɗinmu a bakin rumfar Zerbo, an buɗe but. Tasere yana tsaye a gefe, hannuwa a baya, irin tsayuwar da yake yi a gaban aji kafin a rufe makarantarsu. Zerbo kuwa yana kwance a ƙarƙashin bamba, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Da ya ji birkina ya zamo waje yana dariya.

"Ga baiwata ta iso. Ina tuwon ubangidanki?"

Zerbo Basamo ne, mu kuwa Mosi ne, ƙabilarsu abokan wasanmu ne. Da wata rana ce da na ce masa Basamo bai kai ya ci tuwona ba, sai dai ƙanzo. Ranar nan jingine kekena kawai na yi. Ya dubi fuskata, ya dubi Tasere, ya goge hannu a jikin wando.

Na ce ya nuna min duk irin kariyar da yake da ita.

Tasere ya ce an riga an gama magana. Na ce ai ba a yi ta da ni ba.

Zerbo ya ja ni cikin rumfa. Iri uku ne a jingine da bango. Ta farko ta saman mota ce, ya ce wannan ki manta da ita, katifu da gero sun cinye saman, kuma idan kaya suka yi tsini kowane shinge sai an sa kun sauke. Ta biyu gwanjon Turai ce, irin kayan da muke kira Faransa-sai-wata-rana, wadda ake ratayawa a murfin but da igiyoyi. Ya ɗaga ta da hannu ɗaya, ya ce don hanyar Turawa aka yi ta, mai santsi kamar tire. A tamu hanyar, kafin mu wuce gadar farko igiya ta tsinke, mota ta baya ta bi ta kan kekunan, kuma ayari ba ya tsayawa don keke.

Ta uku tasa ce, ta hannu. Baƙin ƙarfe mai hannu biyu, ana kafa ta da noti a jikin ƙashin motar ta ƙasa. Guda biyu ya ƙera, gajera mai ɗaukar uku da doguwa mai ɗaukar huɗu.

Na ɗora hannu a kan doguwar.

"Wannan nake so."

"Madam," in ji Zerbo, yanzu babu wasa a muryarsa, "ba zan ɓoye miki ba. Doguwar ta fita baya da yawa. Motarku ta tsufa, sifirin ɗin baya ya gaji. Ga gero, ga mutum uku, ga keke huɗu a can ƙarshen wutsiya. Duk ramin da kuka faɗa sai gindinta ya daki ƙasa. Kuma za ta rufe lamba da danja."

Na ce a rage gero.

Tasere ya ce daga bayana, a Kudugu geron nan ne abincinmu har a ga abin da hali ya yi.

Na ce to a sauke katifata, in kwana a tabarma.

"Lizeta," Tasere ya kira sunana.

"A bar nawa keken, in dai uku ne. Ni na iya tafiyar ƙafa."

"Ba ki da abin kai kaya kasuwa sai shi."

Na juyo na dube shi. Na ce masa duk garin nan sun ce in yi wa ɗana sadakar mutuwa na ƙi. Liman ya zo har gida, na ba shi ruwa na sallame shi. Na yarda zan bar gidan da na haife shi a ciki, saboda ka matsa, saboda Nongma. Amma ba zan bar kekensa a tsakar gidan da babu kowa ba, kamar wanda aka gama da shi.

Zerbo ya rasa inda zai sa kansa, shi ya sa ya tsoma baki, don ya raba mu.

"To wa ya ce za a bar jan keken? Ai da shi na yi awo."

Na ce me ya ce?

Ya ce jiya da rana Malam ya turo su nan ɗaya bayan ɗaya lokacin ina wajen rabon masara. Mai kwando, da na yarinyar, da jan. Har ya sa shi ya naɗe hannun ƙarfen da tsohon tiyub kada fentin jan ya goge. Ya nuna min. Ga baƙar roba nan an naɗe ta tsaf a gurbin ƙarshe.

Na tsaya ina kallon robar.

Nawa. Na Nongma. Na Nufu.

"Naka fa?"

Tasere ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Ya ce nasa ya tsufa, bai cancanci wahalar ba.

Shekara talatin ina auren mutumin nan. Da keken nan ya zo gaishe da iyayena. Ko ni ba ya bari in hau shi. Mutumin da ke shigar da shi ɗaki idan hadari ya taso, shi ne yau yake ce min bai cancanci wahala ba.

Na ce masa ba keken za ka bari ba, mu za ka bari.

Ya ce mu je gida.

Na ce ba inda za ni.

Ya waiwaya. A rumfar gefe masu faci suna zaune, ga mai sayar da wake da shinkafa ta kafa tukunyarta, duk sun yi kamar ba sa ji. Ya buɗe ƙofar motar ya ce in shiga. Ya zagaya ya zauna a mazaunin direba, ya ɗaga gilasai duka. Zafi kamar cikin tanda. Zerbo ya ɗauki guduma ya koma can ƙarshen rumfa yana dukan wani ƙarfe da ba ya buƙatar duka.

Tasere ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Zan kai ku Kudugu. In ayari zai dawo, in biyo shi."

"Ka dawo ka yi me? Makaranta a rufe. Lambu rabinsa ya bushe."

Sai wani tunani ya zo min.

"Mace ce?"

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ya ce ina ma.

Sannan ya faɗa, a hankali, idonsa a kan gilashin gaba.

"Yana da rai."

Ban tambayi wa ba.

Na ji dai hannuna ya kama ƙofar motar, kamar tana gudu.

Ya ce tun farkon damina ne. Ya je lambunmu na bakin tafki duba koren wake, ya tarar da mutum a zaune a gindin mangwaro, da rawani, da bindiga a kan cinya. Ya yi kalmar shahada ya tsaya. Sai mutumin ya sauke rawanin ya ce, Baba.

Ya ce yaron ya rame. Ya tara gemu. Yana tari. Shi suke aikowa wani lokaci ya karɓo musu kayan lambu, saboda ya san gefen. Idan ya sami zuwa shi kaɗai yakan ɗaura tsumma a reshen mangwaron, Tasere ya gani ya kai masa abinci.

"Abincin da kake cewa na masu ban ruwa ne."

"Shi ne."

"Tuwona yake ci."

"Yana gane hannunki. Ranar da Nongma ta tuƙa sai da ya faɗa."

A nan ne kukan ya zo. Na cusa bakin ɗankwali a baki don kada masu faci su ji. Tasere bai taɓa ni ba, ya san in ya taɓa ni zan yi ihu.

Da na sami numfashi na ce masa, "Ka bar ni ina goge ƙarfe duk Juma'a, kai kana riƙe hannunsa."

Ya ce fuskata ba ta ɓoye komai. Da na wayi gari rana ɗaya ina dariya, da kafin azahar unguwa ta soma tambayar dalili. Ya ce na san abin da ake yi wa gidan da aka ce ɗansu yana daji. Na sani. Na ga gidan masu niƙa na bayan kasuwa da aka ƙona, har yau bangon baƙi ne.

Ya ce yaron so yake ya gudu. Amma sun san gidanmu, sun san sunan ƙanwarsa, sun faɗa masa abin da za su yi in ya ɓace. Shi ya sa ya ce a fitar da mu tukuna. Idan mun yi nisa, zai zo gindin mangwaron, Tasere ya goya shi a bayan baƙin keken su bi hanyar shanu su yi kudu. Mota ba ta bin wannan hanyar. Babur kuwa ana jin ƙararsa daga nesa. Keken nan kariyarsa ta baya ta ɗauki buhun siminti, za ta ɗauki yaron da ya koma ƙashi da fata.

Jan keken kuma dole ya bar gari, kowa ya san mai shi. Ya ce yana so Nufu ya iske shi a Kudugu, a goge, kamar yadda na saba.

Na ce to ni ma na fasa tafiya. Ka kai Nongma, ni in je lambun. Ko daga nesa ne in gan shi.

"Ba zai yarda ba."

"Ɗana ba zai yarda ya gan ni ba?"

"Shi ya ce kada in faɗa miki. Ya sa na rantse."

"Saboda me?"

Ya sake cire tabarau. Wannan karon bai goge ba, ya riƙe shi kawai a hannu.

Akwai abin da jiki yake sani kafin kunne ya ji.

Yayana Salfo, shi ne babba a ƙauyenmu na haihuwa. Bara da kaka mutanen daji suka zo a kan babura, ba su tsaya tambayar kowa ba, suka wuce gidaje da yawa suka nufi nasa kai tsaye. A bakin rumbunsa suka harbe shi, yana riƙe da ƙwarya. Tun daga ranar ɗansa Hamado ya ajiye fartanya ya shiga 'yan sa-kai, yanzu shi ke jagorantar wata runduna a nan garin. Magana ɗaya yake maimaitawa a duk zaman dangi, cewa baƙo ba zai san wannan gidan ba, wani ne ya nuna.

Na ce, "Tasere, ranar Salfo yana wurin?"

Ya gyaɗa kai.

"Ya yi harbi?"

"Ya ce bai yi ba. Na yarda da shi."

"To me ya yi?"

Guduma ta yi shiru a waje. Sai ta ci gaba.

"Sun tambayi wanda ya san ƙauyen. Wani ya ce uwarsa 'yar can ce. Suka ɗora shi a babur na gaba, bindiga a bayansa. Ya ce ya yi niyyar nuna musu kango. Sai na bayansa ya ce in gidan ya zama ba shi ba ne, daga nan gidanku za mu."

Salfo ne ya yi wa Nufu huɗuba ranar da aka haife shi. Duk hutu can nake tura shi. Salfo ne ya koya masa hawan keke a filin bayan rumbun nan, yana riƙe da sirdi yana bin sa da gudu, tsoho da shi, har zaninsa na kwancewa.

Na buɗe ƙofa na yi amai a ƙasa.

Mai wake ta taso da ruwa a kofi, tana ta sannu, ta ce zafin nan ne, bana ya yi yawa. Na ce e, zafi ne. Na kurkure baki. Na zauna a kan wata tsohuwar taya.

Ban san me nake ji ba. Wanda na yi shekara biyu ina roƙon Allah ya dawo min da shi ko gurgu ne ko makaho, ga shi an ce yana nan, tafiyar da ba ta kai a daka gero a gama ba. In na rufe ido in gan shi yana tari a gindin mangwaro. In na buɗe in ga ƙwaryar Salfo a kife.

Tasere ya fito ya tsuguna a gabana, a gaban mutane, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce ƙasa-ƙasa, in na ce ba na son ganin yaron har abada ba zai ga laifina ba. Zai kai shi wani wuri. Amma in yi wa Allah in shiga motar nan ranar Alhamis.

Na dube shi. Sai yau na lura yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Wata da watanni yana ɗauke da wannan shi kaɗai, yana kwana kusa da ni.

Na kira Zerbo.

Ya zo yana jan ƙafa. Na ce ya ɗaura gajerar.

Ya dubi Tasere, ya dube ni. Ya ce Madam kin tabbata? In dai doguwar ce ranki ke so, zai ƙara wa sifirin ganyen ƙarfe, a lallaɓa.

Na ce gajerar. Ka ƙara naɗa roba a gurbin jan. Kuma in ka gama, Malam zai kawo maka baƙin kekensa, ka duba masa kariyar baya, ka ƙara mata walda. Tayoyin ma a sake su.

Zerbo bai tambayi dalilin gyaran keken da za a bari ba. Ya ce to. Ya yi ƙoƙarin yin murmushi, ya ce Mosi dai ba ku iya ba da umarni ba sai ga iyayen gidanku. Na ce yi aikinka, bawa. Ya ji daɗi.

Ya kwanta ƙarƙashin motar. Tasere ya riƙe masa ƙarfen. Ina zaune ina kallo har aka ɗaure notin farko, aka kama na biyu.

Sai ga ƙarar babur.

Hamado ne. Shi kaɗai, bindiga a rataye a baya, ƙura har gira. Bai kashe injin ba sai da ya zo daf da ni. Bai gaishe da Tasere ba. Yaron da ko a waya sai ya rusuna in yana gaishe shi.

"Gwaggo, na je gida aka ce kina nan."

Na ce lafiya?

Ya sauko. Ya dubi masu faci, suka tashi suka ba da wuri ba tare da an ce musu komai ba. Ya tsuguna a inda Tasere ya tsuguna ɗazu, ya yi ƙasa da murya.

Ya ce yaransa sun kama mutum a lambunmu da hantsi. Suna tsare da shi a tsohon ɗakin ajiyar wake na bakin tafki. Yaran 'yan gudun hijira ne daga ƙauyukan arewa, ba su san fuskar kowa a garin nan ba. Suna jiran ya koma ya ce musu abin da za a yi.

"Ni na san fuskar," in ji shi.

Ƙarfen ya kuɓuce daga hannun Tasere ya daki ƙasa.

Hamado bai waiwaya ba. Ya sa hannu a jakarsa ya fito da kwanon sha mai murfi, shuɗi, ya ajiye a gabana. Nawa ne. Da sauran miyar kuka a gefensa, ba ta gama bushewa ba.

"Ban faɗa wa kowa ba tukuna. Shi kuma ya ƙi magana, kuka kawai yake."

Idanunsa sun yi ja. Idanun Salfo ne sak.

"Gwaggo, da uwata ta rasu ke kika goya ni. Ba ki taɓa yi min ƙarya ba, ko ta lallashi. Tunda kina ciyar da shi, kin san abin da ya sani." Ya matso har ina jin numfashinsa. "Abu ɗaya zan tambaye ki, abin da kika ce shi zan ɗauka in koma da shi."

Tasere ya ce, "Hamado, ni ne na..."

"Ba da kai nake ba, Malam."

Ya kama hannuna biyu ya riƙe, kamar yadda yake yi yana yaro in zai tsallaka titi.

"Shi ne ya nuna musu gidan babana?"